Yarda da Gwaji: Tarihin Shari'ar Trovan Daga Kano Zuwa Kotunan Amurka



An nemi in yi magana a kan al'amuran zaman jama'a da shari'a da kiwon lafiya a ƙasar Amurka. Wannan fage ne mai faɗin gaske, wanda idan mutum ya ce zai kewaye shi a zama ɗaya, sai ya ɓuge da taɓa nan, taɓa can, a tashi ba a riƙe kome ba. Saboda haka na zaɓi wuri guda inda abubuwan nan uku suka haɗu, kuma suka haɗu a ƙofar gidanmu, watau gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer na Amurka ya yi a kan yara a Kano cikin 1996, da doguwar shari'ar da ta biyo baya. Ni dai ba likita ba ne, ba kuma lauya ba, malamin Hausa ne. Amma kamar yadda za mu gani, jigon wannan rigima kalma ce guda ta Hausa, kalmar yarda, da kuma tambayar ko an faɗe ta, da wane harshe, bayan an ji wane bayani.

Bazarar 1996

Sanƙarau ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun cikin 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da cutar ta fi yi wa ɓarna, daga Senegal har zuwa Habasha, kuma Katsina da Kano da Sakkwato da Maraɗi duk a tsakiyarsa suke. Kowace tsohuwa a Ƙofar Guga ta san lokacinsa ba sai likita ya gaya mata ba: yakan kunno kai a ƙarshen hunturu, ya yi ƙarfi da bazara sa'ad da iska ta bushe ɗakuna suka yi zafi, ya lafa da saukar ruwan farko. Sai dai na 1996 ya fita daban. A Nijeriya kaɗai an lissafta fiye da mutum 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu yara. Ga ƙyanda da kwalara sun taho tare da shi. Abin ya kai har hukumar Saudiyya ta rufe wa maniyyatan Nijeriya ƙofa a hajjin wannan shekara. A tuna kuma mulkin soja ake yi na Janar Sani Abacha, asibitoci sun lalace, jarida ba ta da sakewa.

Cikin wannan hali ne wata tawagar Pfizer ta sauka Kano, wajen farkon watan Afrilu, ta kafa sansani a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. A asibitin nan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana nan tana ba da magani kyauta, maganin da aka daɗe da sani, mai suna kuloramfenikol. Su kuwa mutanen Pfizer da sabon magani suka zo, wanda ba a riga an ba shi lasisi a Amurka ba, kuma kamfanin yana sa ran zai jawo masa maƙudan kuɗi. Dalilin zuwansu a fili yake ga duk wanda ya san yadda ake ba magani lasisi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amincewa da magani sai an nuna mata sakamakon gwaji a kan masu cutar, alhali a Amurka ba a samun yara ɗari biyu masu sanƙarau kwance a wuri ɗaya. A Kano kuwa akwai su har a tsakar gidan asibiti.

An ɗauki yara kimanin 200, aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su Trovan, kashi ɗaya aka ba su wani sanannen magani mai suna seftiriyazon domin a gwada ƙarfin wannan da wancan. Yara 11 suka rasu, 5 daga masu shan Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Waɗansu suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar gaɓa, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Bayan kamar mako biyu tawagar ta tattara kayanta ta koma gida, annoba kuwa tana kan ganiyarta.

A nan wajibi ne mu yi adalci, domin abin da ake faɗa a bakin titi ya wuce abin da hujja ta nuna. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurumtarwa, yana nakasawa, ko da an ba da magani mafi kyau. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma yawan yaran da suka rayu a hannunsa bai gaza na ko'ina ba a lokacin. Babu wata kotu da ta taɓa yanke hukuncin cewa Trovan ne ya kashe yaro kaza. Ashe ke nan idan muka gina ƙararmu a kan yawan gawa kawai, ginin ba zai tsaya ba. Zargin da ya fi nauyi daban yake. Iyayen yaran sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a gaya musu maganin sabo ba ne, ba a kuma gaya musu cewa ga wani magani tabbatacce ana bayarwa kyauta a ɗaki na kusa ba. Sun ce an rage yawan seftiriyazon ɗin da aka ba rukuni na biyu ƙasa da ƙa'ida, abin da zai sa sabon magani ya fito da kyau, kamfanin kuwa ya ce domin rage zafin allura aka yi haka. Ba a iya fito da takardun da iyaye suka sa hannu ba. Amsar Pfizer ita ce ma'aikatan jinya 'yan gari sun yi bayani da Hausa, iyaye kuma sun yarda da baki. Sa'an nan ga takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wadda aka miƙa wa hukumomin Amurka. Daga baya ta bayyana cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya.

A watan Disamba na 1997 Amurka ta ba Trovan lasisi, amma ga manya kaɗai. Cikin 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, aka taƙaita amfani da shi ƙwarai a Amurka, aka dakatar da shi a Turai. Ba a taɓa halatta shi ga yaran Amurka ba.

Inda dokar ta samo asali

To, me ya sa rashin neman yarda ya zama laifi babba haka? Amsar tana cikin tarihin Amurka, kuma tarihi ne mai ɗaci.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a birnin Nurembag na Jamus, alƙalan Amurka sun yi wa mutum 23 shari'a, yawancinsu likitocin Hitila, saboda gwaje-gwajen da suka yi a kan fursunoni. An rataye 7. A cikin hukuncin, watan Agusta na 1947, alƙalan suka jera sharuɗɗa goma na gwaji a jikin ɗan Adam, na farkonsu shi ne lalle mutum ya yarda da kansa, ba tilas, ba yaudara, bayan ya fahimci abin da za a yi masa. Abin mamaki, a daidai lokacin da ake karanta wannan hukunci, likitocin ma'aikatar lafiya ta gwamnatin Amurka suna ƙasar Gwatemala, daga 1946 zuwa 1948, suna sa wa fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali cututtukan al'aura da gangan, mutum wajen 1,300. Wannan bai fito fili ba sai 2010, bayan da wata malamar tarihi, Susan Reverby, ta ci karo da takardun.

A cikin gida kuwa ana nan ana gudanar da abin da aka sani da binciken Taskigi, a jihar Alabama. An fara shi cikin 1932 da baƙaƙen fata maza 600, yawancinsu manoma matalauta da ba su yi karatu mai zurfi ba. Daga cikinsu 399 suna da tunjere, 201 ba su da shi. Manufar ita ce a zuba ido a ga yadda cutar ke cin jikin mutum idan ba a yi magani ba, har ya mutu a buɗe gawarsa. Ba a gaya musu sunan cutarsu ba, an ce musu dai suna da mugun jini ana yi musu magani. Aka riƙa ba su abinci ranar awo, da mota kyauta, da alkawarin kuɗin jana'iza. Wajen 1947 penisilin ya riga ya zama maganin tunjere a ko'ina, amma aka hana su. Har lokacin yaƙi, da aka so ɗaukar waɗansunsu soja, inda da an yi musu magani, sai masu binciken suka shiga tsakani. Kuma ba a ɓoye ake yi ba, ana buga sakamakon a mujallun likitoci shekara da shekaru, masana suna karantawa suna wucewa.

Akwai wata mata a cikin labarin nan da nake so ɗalibai su riƙe sunanta, Eunice Rivers. Ma'aikaciyar jinya ce, baƙar fata, 'yar yankin. Ita ce ta san gidajen mutanen, ta san matansu, tana magana da irin bakinsu, kuma saboda ita suka riƙa dawowa shekara arba'in. Ba baƙo ne ke samo yardar talaka ba, ɗan gida ne ke samo masa ita. Wannan gaskiya ce a Alabama, gaskiya ce kuma a Asibitin Zana, kuma ku da ke zaune a nan, masu digiri da masu ofis, ku ne 'yan gidan da baƙo zai nema.

Wani ƙaramin ma'aikacin lafiya, Peter Buxtun, ya yi ta kai kuka ga manyansa ba a saurare shi ba, sai ya kai wa 'yan jarida. Labari ya fashe a watan Yuli na 1972. Lauya Fred Gray ya shigar da ƙara, gwamnati ta biya dala miliyan 10 cikin 1974, a shekarar kuma majalisa ta yi dokar bincike ta ƙasa, wadda ta tilasta kafa kwamitin ɗa'a a duk cibiyar da ke gwaji da kuɗin gwamnati. Rahoton Belmont na 1979 ya shimfiɗa ginshiƙan abin. Ni kaina, sa'ad da nake karatu a waje, ban sami izinin zuwa in ɗauki muryar tsofaffi a kan tatsuniya ba sai da na cika takardun irin wannan kwamiti, alhali babu allura babu ƙwaya a aikina. Haka suke tsanantawa a gidansu. Ranar 16 ga Mayu, 1997, Shugaba Bill Clinton ya nemi gafarar tsofaffin Taskigi a fadarsa, a lokacin mutum 8 suka rage da rai. Ku lura da kwanan watan. Shekara ɗaya ke nan da 'yan makonni bayan tawagar Pfizer ta bar Kano, wata bakwai kafin a ba Trovan lasisi.

Me ake nufi da yarda?

Bari in ɗan tsaya a fagena. A ce ma an yi bayani da Hausa kamar yadda kamfanin ya faɗa. Wace Hausa? Bahaushe ya san magani, ya san asibiti, ya san likita bokan Turai. Idan ya ga mutum da farar riga a cikin asibiti, a tsakiyar annoba, yana miƙa ƙwaya, babu abin da zai zo masa a rai sai taimako. Kafin ya gane akasin haka sai an gaya masa magana uku a fili, ba kwana-kwana. Ta farko, wannan magani mu kanmu ba mu tabbatar yana yi wa yara aiki ba, abin da muka zo nema ke nan. Ta biyu, ba likita ne zai duba ɗanka ya zaɓa masa abin da ya dace da shi ba, ƙuri'a ce za ta zaɓa. Ta uku, in ka ƙi, ba za a kore ka ba, ga can inda za a yi masa magani kyauta. Duk bayanin da ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, ko da Hausar Sakkwato aka yi shi, bai cika ba. Ina kuma shakkar akwai uba da yawa da za su ji kalmar ƙuri'a a kan ran ɗansu su tsaya.

Sa'an nan ga al'adarmu ta magana. "To" a bakin Bahaushe ba kullum take nufin amincewa ba. Sau da yawa ma'anarta na ji, ko kuwa ba ni da bakin musu da kai. Talaka a gaban mai iko yakan ce "yadda ka gani, ranka ya daɗe", mace a gaban baƙo namiji takan sunkuyar da kai ta yi shiru, mu kuma mu ce shiru ma amsa ce. Uwa da ɗanta a hannu, wuyansa ya sanƙare, idonsa ya juye, me za a ce mata ta ce a'a? Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan. A wurinsu ciniki ba ya ƙulluwa da tilas, kuma yana ɓaci idan akwai garari, watau jahilcin abin da ake saye. Sun kuma yi magana a kan lamunin likita, inda suka sa izinin majinyaci ko na waliyyinsa cikin abubuwan da ke ɗauke wa likita biyan diyya. Saboda haka kada wani ya ce mana wannan ƙa'ida kayan aro ce daga Nurembag. Idan cinikin akuya yana ɓaci saboda an ɓoye aibi, ina ga jikin yaro?

Hanyar kotu

Shekara huɗu babu wanda ya ji kome a waje, ko da yake wani likitan kamfanin, Juan Walterspiel, ya rubuta wa shugabanninsa yana ƙorafi, aka kuma sallame shi daga aiki. A watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta buga labarin. Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, wanda ya gama aikinsa cikin 2001, ya ce gwajin haramtacce ne na maganin da ba a yi wa rajista ba. Rahoton nan sai ya ɓace a cikin ofisoshinmu shekara biyar, har sai da jaridar nan ta Amurka ta samo shi ta buga cikin 2006. Ma'aikatan gwamnati da ke nan sun fi ni sanin yadda fayil ke yin ƙafa. Ƙarar da aka shigar a Babbar Kotun Tarayya ta Kano ita ma ta yi ta jan jiki har masu ita suka janye.

Cikin 2001 waɗansu iyalai suka kai ƙara kotun tarayya a Niyok, shari'ar da aka sani da Abdullahi da Pfizer. Mai tambaya zai ce, ina hurumin kotun Amurka da abin da ya faru a Kano? Hurumin ya fito daga wata tsohuwar doka ta 1789, jimla ɗaya tak, wadda majalisar farko ta Amurka ta yi, mai ba baƙo damar kai ƙara idan an cuce shi ta hanyar da ta saɓa wa dokar al'ummai. Kusan shekara ɗari biyu tana kwance ba mai waiwayarta, sai cikin 1980 wani iyali daga Paraguwai suka tashe ta a kan wani ɗan sanda da ya azabtar da ɗansu har ya mutu. Sau biyu alƙalin farko yana korar ƙarar Kanawa, cikin 2002 da 2005. Amma ranar 30 ga Janairu, 2009, kotun ɗaukaka ƙara, da rinjayen alƙali biyu a kan ɗaya, ta ce haramcin gwaji a jikin mutum ba da yardarsa ba ya kai matsayin dokar da ta hau kan dukan al'ummai, kamar haramcin bauta da fashin teku. Ta kafa hujja da sharuɗɗan Nurembag, da sanarwar Helsinki ta likitocin duniya ta 1964, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan Adam. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙorafin kamfanin cikin 2010. A yau ɗaliban lauya a ƙasashe da yawa suna karanta wannan hukunci, kuma sunan Bahaushe ne a kansa.

Sai dai a lura, kotun ba ta ce Pfizer ya yi laifi ba, cewa ta yi ƙarar tana da hurumin a saurare ta. Ba a kuwa kai ga sauraren ba, sulhu aka yi. Tun 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta nemi diyyar dala biliyan 2, Gwamnatin Tarayya ta nemi wajen biliyan 7. A watan Yuli na 2009 aka daidaita da Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya na jiha, miliyan 10 kuɗin shari'a, kamfanin kuma bai amsa laifi ba. Da aka buɗe rajista fiye da mutum 500 suka fito, alhali yara 200 aka gwada, sai aka ce sai an yi gwajin ƙwayar halitta a tabbatar da dangantaka. Waɗansu iyaye suka ƙi, suna cewa wanda ya ɗebi jinin ɗanka sau ɗaya ba da saninka ba, da wane ido za ka sake miƙa masa? A watan Agusta na 2011 aka biya iyalai huɗu na farko dala 175,000 kowanne, shekara goma sha biyar bayan bazarar.

Ƙofar da Kanawa suka bi kuwa ba ta daɗe a buɗe ba, kuma da wata ƙarar 'yan Nijeriya aka tura ta. Cikin 2013, a shari'ar Kiobel, wadda mutanen Ogoni suka kai kamfanin Shell, Kotun Ƙoli ta ce dokar 1789 ba ta shafi abin da ya faru a wata ƙasa ba sai in yana da alaƙa mai ƙarfi da Amurka. Cikin 2018 ta ce ba a ƙarar kamfanin waje da ita. Cikin 2021, a ƙarar waɗansu 'yan Mali da suka ce an bautar da su suna yara a gonakin koko, ta ce ko kamfanin Amurka ne, bai isa a ce a hedkwatarsa ake yanke shawarar kasuwanci ba. A ganina, da yau ne za a shigar da ƙarar Abdullahi, da wuya ta wuce matakin farko. Mutanen Gwatemala ma sun sami ban haƙuri daga Shugaba Obama, amma kotu ta kori ƙararsu cikin 2012.

Wanda ya biya bashin

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikin 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon riga-kafin shan inna, bayan Dokta Ibrahim Datti Ahmed da majalisar shari'a da yake shugabanta sun yi zargin an gurɓata shi da maganin hana haihuwa. Dalilai sun taru: yaƙin Iraƙi da aka fara a watan Maris na shekarar, siyasar cikin gida, da tambayar da talaka ke yi mai ma'ana, cewa don me ake bin sa har ɗaka da ɗigo kyauta alhali in zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya sayi ko da fanadol. Amma Trovan shi ne shaidar da kowa ke jawowa. Kano ba ta koma ba sai ƙarshen Yuli na 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Zargin ba shi da tushe, ɗigon nan ba ruwansa da gwajin 1996, kuma waɗanda suka hana shi suna da nasu alhakin da ba za su jingina wa Pfizer ba. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 cikin 2002 zuwa fiye da 1,000 cikin 2006, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita. Cikin 2012 Katsina tana cikin jihohin da suka fi yawan masu ita. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano. Sai da sarakuna suka shigo da ƙarfinsu daga 2009, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, masu unguwa suka riƙa shiga gaba gida gida, kafin a kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ce Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Ita ma Amurka ba ta taimaka ba da hukumar leƙen asirinta ta fake da riga-kafin bogi a Pakistan cikin 2011 wajen neman Usama bin Ladan. Amma kada mu manta, ma'aikatan lafiyar Amurkan ne suka jagoranci yaƙin da ya kawar da agana daga Afirka ta Yamma, daga 1967 zuwa 1970. Dattawan da ke nan da tabon lamba a damtse shaida ne.

Masana tattalin arziki sun auna wannan asara a ɓangarorin biyu. Marcella Alsan da Marianne Wanamaker sun nuna cikin 2018 cewa bayan fallasar 1972 baƙaƙen maza a Amurka sun rage zuwa asibiti, har tsawon ran da ake sa wa ɗan shekara 45 rai ya ragu da kusan shekara ɗaya da rabi. Belinda Archibong da Francis Annan kuma sun gano cewa bayan labarin 2000 iyaye mata Musulmi a Nijeriya sun rage kai jarirai riga-kafi, kuma raguwar ta fi yawa ga mata masu ilmi, waɗanda labarin ya fi isa gare su. Wannan ya rushe zancen da ake yi mana kullum cewa jahilci ne kawai. In kuwa jahilci ne, to ga Amurka, wadda ta ce ta kawar da ƙyanda tun 2000: a watan Yuli na 2025 masu ita sun wuce 1,280, adadin da ba a gani ba tun 1992, yara biyu da ba a yi wa allura ba suka rasu a Texas. A shekarar ne aka naɗa Robert Kennedy ƙarami ministan lafiya, mutumin da ya yi suna wajen sukar riga-kafi, ya kuma sallami dukan mutum 17 na kwamitin da ke ba gwamnati shawara a kan alluran.

Abin da ke hannunmu

Kada a fahimce ni da cewa a rufe ƙofa ga bincike. Allurar MenAfriVac, wadda aka yi a Indiya a kan ƙasa da rabin dala, sai da aka gwada ta a kan yara a Mali da Gambiya da waɗansu ƙasashe, da sanin iyayensu, kafin ta iso Nijar cikin 2010 da Nijeriya cikin 2011. Ita ce ta kusan shafe nau'in sanƙarau na A, wanda ya yi ɓarnar 1996. Da wani nau'in, na C, ya taso cikin 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabta, ya kashe fiye da mutum 1,000, bincike ne kuma ya kawo allura mai tare nau'i biyar, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita cikin 2024.

A takarda kuma ba mu da talauci. Akwai NAFDAC tun 1993. Kotun Ƙolin Nijeriya, a shari'ar Okonkwo ta 2001, ta tabbatar wa baligi mai hankali 'yancin ƙin magani. Cikin 2007 aka fito da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta ce ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce bayan an yi masa bayani, yaro kuwa sai da ta iyayensa. Amma takardar 1996 ma a kan kan wasiƙar asibitinmu aka buga ta, hannun ɗan ƙasa ne ya sa mata kwanan wata. Abin da zan roƙi sakatarorin ma'aikatar lafiya da mambobin kwamitocin ɗa'a shi ne, duk takardar neman yarda da ta zo gabanku, ku nemi ta Hausa, boko da ajami, ku sa a karanta wa wata dattijuwa daga Ƙofar Guga ko Masanawa wadda ba ta yi makarantar boko ba, sa'an nan ku ce ta maimaita muku abin da ta ji. In ba ta ambaci gwaji da ƙuri'a da 'yancin ƙi ba, ku mayar wa masu ita su sake. Ku kuma ɗaliban Hausa masu neman abin rubuta kundin digiri, ku je asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato ku roƙi takardun da aka riga aka fassara, ku ɗora su kusa da na Turanci, ku duba layi layi wace kalma aka sa a inda ya kamata a ce gwaji.